Gwangwanin Yaji da Na Zazzage a Tsakar Gida

Shekara arba'in ina sayar da goro a Agege, kusa da layin dogo, ban taɓa shiga jirgin sama ba sai da 'yata ta biya mana kujerar Umra, ni da ita. Ban yi boko ba. Wannan ɗin ma ni ke faɗa, ita ke rubutawa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Ita nas ce a wani asibiti a Ogba, saboda haka shirin tafiyar a hannunta yake. Ta kai ni aka yi mini allurar rigakafi, aka ba ni kati. Maganin hawan jinina ta ce a bar shi a kwalinsa, tare da takardar likita. Ta yi hoton fasfona biyu, ɗaya ya zauna a gida, ɗaya na ɗinke a lalita da hannuna. Ni kuma na ɗaura jan ƙyalle a hannun jakata, tunda ba zan iya karanta sunana a jikinta ba. Da ta ce goro ma ba a shiga da shi, sai na fitar da ƙullin da na riga na saka.

Sannan ta zaunar da ni ta ce, "Mama, saura abu ɗaya. Duk abin da aka samu a jakarki, naki ne. Ba ruwansu da wanda ya ba ki. In ƙwaya ce, ɗauri ne, wani lokaci ma ya fi ɗauri."

A unguwarmu mai zuwa Makka ba ya tafiya da kayansa kaɗai. Gidaje da yawa suna da ɗa ko ƙanwa a Jidda, kuma da an ji za ki tafi sai saƙo ya fara shigowa: kuka, daddawa, kilishi, busasshiyar kuɓewa. Ba a ƙin karɓa, kuma ba a buɗewa. Wanda ya kwance saƙon mutum a gabansa kamar ya ce masa bai yarda da shi ba ne. Haka muka tarar, haka ni ma na sha aikawa.

Amma wannan karon sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ajiye babban faranti da wuƙa. Duk wadda ta shigo da ƙulli, na ce, "Zauna, mu buɗe tare." Mata biyu suka ɗauki kayansu suka fita suna ƙunƙuni. Matar wani mahauci ta kawo kilishi, na ware shi falle-falle.

Ta ce, "Iya, kin zama kwastan ke nan? Saura hula."

Na ce, "Miƙo ɗaya ƙullin."

Saura kwana biyu tafiya, maƙwabciyata ta shigo da hantsi. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ta zauna da ni lokacin takabar maigidana, ita ta riƙe mini rumfa wata huɗu. Ɗanta direba ne a Jidda. Ta ajiye wani babban gwangwanin madara, an naɗe murfinsa da salatif zagaye wajen biyar.

Ta ce, "Yaji ne na yaron. Sa a jaka."

"Ke kika daka?"

"Abokinsa ne ya kawo daga Alaba Rago. Ya ce yaron ne ya aiko shi."

"Kin ga cikinsa, Yaya?"

Ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙasa. "Ni ma? Ni da na yi wa 'yar nan taki wankan jego, yau ni za ki bincika kamar fasinjan motar danfo?"

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Na san in na sa wuƙa a salatif ɗin nan, zumuncin shekara talatin zai iya tafiya da shi. Amma na tuna jakar da jan ƙyallena a hannu, da ni tsaye gaban mutanen da ba na jin yarensu, da 'yata a gefe.

Na ce, "Ba ke nake bincike ba. Gwangwani nake bincike. Ko a buɗe a nan, ko ya kwana a Agege."

Ta ce, "To buɗe. In yaji ne, kada ki ƙara taka ƙofata."

Na yanke salatif ɗin, na zazzage a faranti. Yaji ya tashi, duk muka kama atishawa. Yaji ne kuwa a sama, ja, mai kyau. Da na sa cokali na tona, sai ga ƙulle-ƙullen leda guda shida, cike da ƙwayoyi. 'Yata ta ɗauki ɗaya ta duba, ta ajiye da sauri ta je ta wanke hannu. Ta ce irin waɗanda ake kama mutane da su ne.

Yaya ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba. Aka kira ɗanta a waya, ya rantse bai aiki kowa ba. Aka kira mai kawowar, wayarsa a kashe. 'Yata ta kai ƙulle-ƙullen wajen mai unguwa, shi ya miƙa wa hukuma. Yaya kuwa ta tashi ta fita ba sallama. Washegari ban ga ƙeyarta ba, ni ma ban aika ba. Na ci gaba da buɗe saƙonni, kuma babu wadda ta ƙara yi mini ba'a.

Ranar tafiya da safe, mota na jira a waje, sai na ji sallamarta. Tana riƙe da kwano ba murfi, hannuwanta ja da barkono.

Ta ce, "Wannan ni na daka, jiya. Ga cokali."

Idonta ya kumbura, ban sani ba ko barkonon ne. Na ga tana so in ce mata a bar shi, ai na yarda da ita. Na karɓi cokalin na tona har gindin kwanon, a gabanta, sannan na juye a leda na ƙulle da hannuna.

Ta ce, "Ke dai ba kya canzawa."

Na ce, "Riƙe mini bakin jakar."

A Jidda wani ma'aikaci ya ja jakata gefe ya zuge. Yana ɗaga ƙulli, ina faɗin abin da ke ciki, 'yata tana fassara masa. Da ya kai ga yajin ya buɗe ya kai hanci, sai atishawa. Ya rufe jakar da kansa, ya nuna mini ƙofa.