Gangar Baba

Babanmu tela ne. Shekara arba'in yana taka keken ɗinki, har idonsa ya gaza, muka tilasta masa zaman gida. Ba a jima ba ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce rashin motsi ne.

Yayata ta sayo masa ɗan abin tsalle zagayayye, mai shimfiɗar roba. Baba ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Wannan ai ganga ce. Da furfurata zan hau ganga?"

Sati biyu tawul yake shanyawa a kanta. Wata safiya na leƙa ɗakinsa, na tarar da shi zaune a kujera, ƙafafu a kan gangar, yana dannawa kamar keke, hannayensa na tura yadin da babu shi.

"Baba, tsalle fa ake yi!"

"Ke! Ni za ki koya wa aikin ƙafa?"

Kumburin ya sauka. Yayata ta ce gangarta ce, likita ya ce motsi ne. Su suka sani.

Bayan rasuwarsa aka so a ba yara ita, na ce a'a. Gurbin dugadugansa yana nan a jikinta har yau.