Akuya Mai Ɗan Kunne

Shekarar da gwamnati ta raba wa matan da mazajensu suka rasu awaki a ƙauyenmu, can wajen Randagi, Innarmu ta samu wata ja mai ƙaton ciki. An maƙala mata wata roba ruwan ɗorawa a kunne, mai lamba. Matan unguwa suka yi ta tsokanar Inna, wai akuyarta ta riga ta samun ɗan kunne. Jami'in da ya zo daga Birnin Gwari ya gargaɗe mu: ba sayarwa, ba yankawa, ba cire roba. Za su dawo dubawa, duk wadda aka tarar ta saɓa an fitar da ita daga shirin.

Ba zan ci amanar akuyar nan ba, ta yi mana rana. Haihuwar fari tagwaye ta zubo. Da su muka sayi taki, da su aka kai ƙanwata asibiti. Har hira Inna take yi da ita, irin hirar da ni ban taɓa samu ba.

A damina ta biyu mutanen daji suka ɗauke ɗan maƙwabciyarmu, wadda ita ma aka ba ta akuya, a gona. Da dattawa suka je roƙo, suka ce musu talakawa ne, sai aka amsa musu cewa gidan da ke kiwon akuyar gwamnati, gwamnati ta san da shi, ita za ta fanshi yaron. Ba wanda ya fanshe shi. Mu kuwa namiji ɗaya gare mu, Yayana. Shi ne noma, shi ne cefane.

Tsoro ya hana ni sukuni. Na ce wa Inna a yanke robar nan mu huta.

"In na cire su cire ni," in ji ta. "Ke za ki ba ni wata?"

Na yi faɗa, na yi kuka, ko gezau. Ƙarshe Yaya ya fasa ƙofa a bayan tsohon rumbunmu, wanda dama ba komai a cikinsa sai ɓeraye, muka rufe da zana. Nan akuya ta koma da zama. Kullum ina share kashinta kafin wani ya shigo. Sai dai akuya ba ta san sirri ba, ga shi ta sake ɗaukar ciki, abu kaɗan ta ɗaga murya. Duk kukan da ta yi sai na leƙa waje ko wani ya ji.

Wata rana bayan azahar muka ji babura. Mun san ƙarar na mutanen daji, da yawa suke tafe kuma ba sa sassautawa a rafi. Maza suka faɗa cikin dawa. Yaya na kwance da zazzaɓi, ko tsayuwa ba ya iyawa. Inna ta rarrafa cikin rumbu, na ja zana na rufe ta.

Suka shigo suka nemi ruwa da abinci. Ɗaya ya zauna ya jingina da rumbun, bindiga a cinya.

"Ke, ina awakin gidan nan?"

"Ko kaza ba mu da ita."

Ya leƙa ɗakin da Yaya yake. "Wancan fa?"

"Ba shi da lafiya."

Na kawo musu sauran tuwo da miya. Suna ci a tsanake, suna dariya. Ni kuwa kunnena na kan rumbu, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Sau ɗaya na ji motsi, na saki kwano a ƙasa da gangan, suka zage ni. Daga nan rumbun ya yi shiru.

Sai da ƙarar baburan ta ɓace na yaye zanar. Inna na zaune, ta naɗe bakin akuyar da zanenta, ta rungume kan a ƙirji. Na ce sun tafi, ba ta saki ba. Da ƙyar na ɓamɓare yatsunta.

Yaya ya fito yana dafa bango, wuƙa a hannu, ko da sauran rai a yanka kafin ta zama mushe.

"Mayar da wuƙarka, ɗan nan," in ji Inna. "Tun suna cin tuwo ta daina shure-shure. Ina ji, ban saki ba."