Zakaran Inna Turai Mai Jan Zare

Duk Nasarawa Burkullu an san kajin Inna Turai, don kowace da jan zare ɗaure a fiffike, kada su ɓace cikin na maƙwabta. Tun rasuwar mijinta su ke ci da ita. A rani na 2004 burinta ɗaya ne: ta yi wa ɗakinta rufin kwano kafin damina, don ta gaji da tarar yoyo da kwanon tuwo.

Mai sayen kajinta Jatau ne, mai zagaya ƙauyuka da kwando a bayan babur. Mutumin nan bai taɓa zuwa da labari mai daɗi ba! Kullum sai ya ɗaga kaza, ya latsa ƙirjinta, ya yamutse fuska.

"Inna, kasuwa ta hwaɗi."

"Shekara goma tana hwaɗuwa, Jatau, har yau ba ta kai ƙasa ba?"

Haka ya raba ta da babban zakaranta a kan ɗari biyu da hamsin.

Kwana uku, sai ga ƙanenta Muttaka, masinja a Anka, ya zo gaisuwa da tsaraba rataye a hannu.

"Yaya, ga zakara ki sha romo. Ɗari shidda nis saye shi, sai da roƙo."

Ta ɗaga fiffiken. Jan zarenta, ƙullin hannunta! Jatau, don rashin kunya, ko kwance shi bai yi ba.

Ranar kasuwar Anka ta cusa kaji shida a kwando, ta ɗora ƙwai talatin cikin ƙwarya da dusa, ta hau kabu-kabu. Mai babur ya ce kwando ma fasinja ne. Ramukan hanya suka fasa ƙwai sha ɗaya. Zafi ya galabaitar da kaza ɗaya, dole aka yanka ta a bakin hanya. A kasuwa kuma dillalai suka tare ta, wai baƙo ba ya ciniki sai ta hannunsu, kowace kaza da la'adarta. Tana tsaye tana kallo aka sayar wa mai tsire kajinta da tsada, abin da ya shigo hannunta bai fi na Jatau da komai ba.

Mako na zagayowa ga Jatau a ƙofar gida, yana murmushi.

"Inna, ya hanya? An ce kin zama 'yar kasuwa."

"Na ga inda kasuwar taka ke hwaɗuwa. Aljihunka."

Ya ƙara mata hamsin kan kowace kaza, da sharaɗin ta riƙa kwance zaren. Ta karɓi hamsin, zare kuma ta koma yi masa ƙulli biyu.

Damina ta sauka rabin ɗakin ne kawai ya samu kwano. Ta ja gadonta ɓangaren, ɗaya rabin kuma kwanon tuwo ya koma aikinsa.