Notin da Ba a Ɗaurewa Tam

Har gobe ba zan manta da ranar da Wing Kwamanda Garba ya kifar da tankin mai da hannunsa ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi. Tunda kun ce ni Anti Bilkisu in ba ku labari ɗaya daga wurin aiki, ku da kuka fara aikin injiniya a ƙasar nan, to wannan zan bayar.

Lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai gyaran kayan mai na jiragen koyon tuƙi na soja. Gidana yana unguwar Old Trafford a Manchester, wurin koyarwarmu kuma yana Birmingham, saboda haka duk sanda aka kawo ɗalibai sai in bi jirgin ƙasa da sassafe, in bar wa maigida kai yara makaranta. A wani watan Nuwamba kafin korona, wata ƙasa ta yankinmu ta sayi jiragen koyo na hannu, ta turo makanikanta kwas. Ba zan faɗi ƙasar ba. Ba su kai goma ba, kusan dukansu suna jin Hausa. Shugabansu shi ne Wing Kwamanda Garba, muƙamin da ya yi daidai da Laftanar Kanar a sojan ƙasa. Tsohon matuƙi ne, ya daɗe yana koya wa yara tuƙi kafin a mayar da shi ofis. Abokin aikina Martin shi ke koyarwa, ni kuma nawa shi ne in gwada su a ƙarshe, in sa hannu cewa za a iya sakar musu jirgi.

Bari in yi wa waɗanda ba fanninsu ba ne bayani. Man jirgin nan, wanda ɗan'uwan kananzir ne, a cikin fuka-fukai yake zama. Daga nan yake gangarowa zuwa wani ƙaramin tanki da ke cikin jirgin, inda famfo yake tura shi zuwa inji. Idan jirgi yana tafiya daidai babu matsala, nauyin man ma ya isa ya kai shi wurin famfo. To amma jirgin koyo ba na fasinja ba ne. Dole ɗalibi ya koyi kifar da shi, ƙafafunsa a sama kansa a ƙasa. Da ya kife, man zai gudu ya koma rufin tanki, famfo ya shaƙi iska, inji ya mutu. Shi ya sa aka raba ƙaramin tankin gida biyu, sama da ƙasa, famfo yana gidan ƙasa. A tsakaninsu akwai wata 'yar ƙofa mai murfi, wadda muke kira bawul. A tafiyar yau da kullum murfin a buɗe yake, yana rataye. Da jirgi ya kife sai ya faɗa da kansa ya toshe ƙofar, ya tsare man da ke kewaye da famfo, wanda zai riƙe inji na ɗan lokaci har ɗalibi ya miƙe.

Murfin nan a jikin wata ƙusa yake lilo, ƙusar kuma tana da noti. A duk tankin, shi ne notin da ba a ɗaurewa tam. Ana murɗa shi har ya zauna, a ɗan sassauta, a soke shi da fil don kada ya kwance, sannan a taɓa murfin da yatsa a ga yana lilo. Idan ka ɗaure shi da ƙarfi murfin zai maƙale a buɗe. Abin tsoron shi ne babu gwajin ƙasa da zai nuna maka, domin a buɗe ake son sa muddin jirgi yana daidai. Sai ran da wani yaro ya kifar da jirgi a sama za a sani.

Tun ranar farko na lura ajin ya cika shiru. Wing Kwamanda yana kujerar gaba, ya harɗe ƙafa, sauran suna bayansa a miƙe kamar an dasa su. Martin ya yi bayani da Turancinsa na Birmingham, wanda ni kaina sai da na shekara kafin kunnena ya saba da shi. Idan ya tambaya ko akwai mai tambaya, sai ka ji sun haɗa baki sun ce babu. Shi kuwa bawan Allah daɗi yake ji, har yana gaya mini bai taɓa samun aji mai saurin fahimta irin wannan ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na san mutanenmu, makanike ba ya ganin sabon ƙarfe ya rasa abin tambaya.

A mako na biyu, bayan azahar, ina wanke kofi a ɗakin shayi sai wani Saje Isiyaku ya tsaya a bakin ƙofa yana waige-waige. Ya gaishe ni, sannan ya rage murya ya tambaye ni ko da gaske Baturen nan cewa ya yi a bar noti bai ɗauru ba, ko kuwa kunnensa ne bai ji daidai ba. Domin su a gida, in ji shi, idan aka kama noti yana motsi a jikin jirgi, sai an hukunta wanda ya ɗaura. Na yi masa bayani, na kuma tambaye shi abin da ya hana shi ɗaga hannu a aji.

"Hajiya, tun a filin jirgi Oga ya tara mu," in ji shi. "Ya ce duk wanda ya yi tambaya gaban Turawa ya zubar mana da mutunci, za su ce ba mu san komai ba. Ya ce in mun koma gida zai haɗu da shi. Don Allah kada sunana ya fito."

Na tambaye shi ko zai iya gaya wa sauran. Ya ce shi Saje ne, akwai manya a gabansa, ba zai buɗe baki ya koya wa Warant Ofisa ɗaurin noti ba.

Wallahi sai da raina ya ɓaci. An ɗebo mutane, an ƙetaro da su teku don su koyi abu, sannan an ɗinke musu baki tun kafin su sauka. Kuma ba su ne za su hau jirgin ba, 'ya'yan mutane ne, yara masu shekarun ƙannenku.

Washegari na sami Wing Kwamanda shi kaɗai. Na gaishe shi da ladabi, na ce, ranka ya daɗe, shirun ajin nan ya dame ni, ina roƙon ya ba su dama su yi tambaya, ko da bayan ya fita ne. Ya yi murmushi irin na manya, ya ce yaransa ƙwararru ne, sun fi shekarun aikina suna taɓa jirgi.

"Hajiya, ke fa tamu ce," in ji shi. "Rufa mana asiri za ki yi, ba tona mu ba. Ki sa musu hannu mu tafi da certificate ɗinmu."

Daga nan na wuce wurin manajanmu. Nan kuma na gamu da ɓacin rai na biyu. Ya saurare ni sarai, ya gyaɗa kai, sannan ya ce baƙin nan masu sayen kayanmu ne, yadda suke tafiyar da mutanensu al'adarsu ce, bai kamata mu sa baki ba. Al'ada! Wato da ɗaliban ƙasar nan ne suka yi masa shiru haka, da ya tayar da hankalin kowa, amma tunda namu ne sai ya zama al'ada. Na ce masa hannuna dai nawa ne, ba zan sa shi a kan abin da ban gani ba.

Muna da tankin gwaji da aka yi da roba mai haske, ana ganin cikinsa, an ɗora shi a kan ƙarfe mai sitiyari yadda za a iya kifar da shi. Ana zuba masa wani ruwa mai launi a madadin mai, yana da famfo, yana da jar fitila da ƙararrawa irin waɗanda ke gaban matuƙi. A tsarin kwas, Martin ne kan haɗa bawul ɗin ya juya tankin, ɗalibai su kalla. Ran gwaji na ce yau ɗalibai za su haɗa. Kamar yadda aka saba, babba aka fara miƙa wa sifana, wato Warant Ofisa Audu, dattijo mai furfura wanda kowa ke kira Baba. Ya haɗa komai tsaf, aiki mai kyau, da ya zo kan notin kuwa sai ya danna masa ƙarfi har da cije leɓe. Martin ya buɗe baki zai yi magana, na kalle shi ya fasa.

Aka kunna famfo, komai lafiya. Sai na juya wurin Wing Kwamanda na ce, ranka ya daɗe, kai ne matuƙi a cikinmu, kai ya kamata ka kifar mana da jirgin. Ya taso da fara'a ya kama sitiyari ya murɗa.

Murfin bai motsa ba. Muna kallo ruwan ya kwarara ta ƙofar ya bar famfo, famfo ya fara kurɓar iska yana wani irin kuka, jar fitila ta kama, ƙararrawa ta cika ɗakin. Wing Kwamanda ya tsaya riƙe da sitiyari, idonsa a kan fitilar, fara'ar nan duk ta gudu. Ya fi kowa a ɗakin sanin abin da take nufi idan ta kama kana kife, ga ɗalibi a kujerar gaba.

"Na san wannan fitilar," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana.

Na kashe famfo, na buɗe tankin, na sassauta notin, na taɓa murfin da yatsa ya yi lilo. Baba Audu ya matso ya taɓa shi ma. Tausayinsa ya kama ni, domin ba shi ya kamata ya ji kunya ba. Bai dubi ogansa ba, ni ya duba, ya ce:

"Hajiya, tun ina saurayi nake ɗaure noti, ba a taɓa ce mini akwai wanda ake bari ya yi wasa ba. Na ji Baturen ya faɗi wani abu mai kama da haka. Na so in tambaya."

Za ku zaci a nan labarin ya yi daɗi. To kafin la'asar Wing Kwamanda ya kai ƙarata wurin manaja cewa na shirya wulakanta tawagarsa da gangan. Ya matsa a gaya masa wanda ya kai mini tsegumi, na ce babu kowa, shirun ajin ne ya gaya mini. Manaja ya ba shi haƙuri a gabana, ya cire ni daga kwas ɗin, ya mayar da ni ɗakin gwajin famfo a Manchester. Ban sake koyarwa a kamfanin ba har na bar shi. Na yi kuka a jirgin ƙasa ranar, kukan takaici, ina juya fuska wajen taga don kada a gani.

Sauran labarin Martin ne ya ba ni ta waya. Ya ce Wing Kwamanda bai ƙara shiga aji ba, ya taho Manchester wurin danginsa, yana zagayen shagunan Cheetham Hill yana sayen tsaraba. Tun da ya ba da baya kuwa tambayoyi suka ɓarke, har Martin ya rasa lokacin shan shayi, kuma ya gano abubuwa da dama da suka ce sun gane alhali ba su gane ba. Shi ma Martin, da sa hannun ya koma kansa, ya ƙi sawa sai da kowa ya haɗa bawul ɗin aka kifar da tanki a gabansa. Baba Audu ne ya tsaya a kansu, duk wanda ya gama sai ya taɓa murfin da yatsa.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a shiru ba shaida ba ce. Na kuma koyi cewa akwai manyan da za su ga jar fitila da idonsu, su gane ta, amma kunyar da suka ji ta fi damunsu a kan yaron da fitilar za ta kama a gabansa. Shi ya sa a inda nake yanzu, idan na gama yi wa sabon ma'aikaci bayani ya ce mini ba shi da tambaya, ba na jin daɗi kamar Martin. Sifana nake miƙa masa, in koma gefe in kama sitiyari.