Kawu Sale da Jirgin da Ba Shi da Direba

Duk wanda ya taɓa zuwa gidana a unguwar Madinat Khalifa da ke Doha ya san Kawu Sale ba ya shiga ɗaki sai ya yi jiniya. Zai tsaya a bakin ƙofa, ya kumbura kumatu, ya ce "Fuuuu! A ba jirgi hanya!" sannan sallama ta biyo baya. Ko da aka sa mu ɗaura takunkumi lokacin korona bai fasa ba, sai dai ka ga ƙyallen ya tashi kamar buhun da iska ta shiga.

Yayan mahaifiyata ne. Tun yana saurayi ya shiga aikin reluwe a Zariya, ya fara da zuba kwal a wuta, har ya zama direba. Na kawo shi Doha a duba masa gwiwa, korona ta rufe hanya, daga nan zama ya miƙe.

Ranar da aka sake buɗe metiro, jirgin ƙasan cikin gari, na ce bari in burge shi. Muna shiga ya gyara hula, ya nufi taragon gaba.

"Ina za ka, Kawu?"

"In gai da direba mana. Haka ake yi."

Ya isa gaba, ba kowa sai gilashi da kujeru. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama.

"Injiniya," haka yake kirana, "ya fita alwala ne?"

"Babu direba, Kawu. Na'ura ce ke jan sa."

Wallahi kamar na zage shi. Ya zauna, sai da muka wuce tasha uku sannan ya ce, "Jirgin da ba ya gumi, ba ya tari, ba ya baƙanta wa kowa riga! Wannan ai firji ne aka sa wa ƙafa."

To, ka ce ya daina shiga? Ina! Kullum da hantsi sai ya saɓa babbar riga ya ce zai je ya gano laifinsa. Wata ranar kuwa ya dawo da fara'a, ya ce ya kama shi. Ashe ya haɗu da wani malamin jami'a ɗan Katsina a bakin tarago, ya tsaya gaisuwa, ya ɗaga wa jirgi hannu ya jira. Bai gama tambayar iyali ba ƙofa ta rufe, jirgi ya wuce.

"Ka gani? Ba shi da tarbiyya! Ni a Funtuwa na taɓa tsayar da jirgi guda saboda wata tsohuwa ta manta kazarta."

"Sauran fasinjojin fa?"

"Su suka taya ta kamun kazar!"

Amma babban kishin Kawu ba da na'ura ya yi shi ba, da mutum ya yi. A wani shagon shayi a unguwar Najma ya haɗu da Ammu Fathi, tsoho ɗan Masar da ke zaune wurin 'yarsa, wanda ya ja taram a Iskandariyya tun zamanin samartaka, wato ƙaramin jirgin nan mai bin titi a cikin gari. Kawu ba ya jin Larabcin kasuwa, Ammu Fathi ba ya jin Hausa, sai ni aka maƙale a tsakiya ina tafinta.

"Gaya masa nawa taragu ashirin yake ja. Nasa nawa?"

"Ya ce biyu, wani lokaci uku."

"Biyu! Kai, ka ce masa amalanke ya tura."

Na sassauta, na ce Kawu na jinjina masa. Kawu ya ga tsohon ya yi murmushi, ya finciko rigata. "Ba abin da na faɗa ka faɗa ba. Mutum ba ya murmushi in an kira shi mai amalanke."

Sai Ammu Fathi ya ciro waya, ya nuna mana bidiyon da jikarsa ta aiko: ga taram ɗinsa nan, tsoho tukuf, har yau yana ɗaukar mutane. Ya tambaya, cikin ladabi fa, ko jirgin Kawu yana aiki. Na rasa yadda zan juya maganar. Kawu bai jira ni ba, ya gane. Ya ture kofin shayinsa na karak ya ce, "Khalas, shi ke nan. Tashi mu tafi." Mako guda bai yi wa kowa magana kan jirgi ba, gidan ya yi mana faɗi.

Gasar kofin duniya ce ta farfaɗo da shi. Ya ga samarin da ke nuna wa baƙi hanyar tasha da lasifika, 'yan kallo na rububin ɗaukar hoto da su. Abin ya tsaya masa a rai. "Yaran da ba su taɓa riƙe shebur ba!" Washegari ya sa na nemo masa kaki da usur, ya tsaya kusa da kasuwar Souq Waqif yana busawa, yana "Yalla! Yalla!", wato a yi gaba. 'Yan Ghana suka kewaye shi da ganga, ya yi ta washe baki. Can sai ga Ammu Fathi ya zo wucewa, suka ce shi ma ya shigo hoto. Kawu ya rungume shi ƙam, kowa na ta tafi. Da hoton ya fito, hannun babbar rigar da ya yafa a kan kakin ya rufe fuskar Bamisiren gaba ɗaya. Kawu ya ce iska ce.

Bayan gasar jiki ya ƙi. A asibiti gadonsa na kusa da taga, daga nesa ana hango jirgin yana wucewa a kan gada. Wata la'asar na same shi ya ƙura masa ido. Ya kama hannuna, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Injiniya, ɗan banzan nan yana da kyau fa. Tun ranar farko na gani. Haushina ɗaya, me ya sa ba a Zariya yake ba." Ya numfasa. "Kada ka gaya wa Bamisiren nan."

Ban gaya masa ba, ko da ya zo jana'izar Kawu yana kuka ya fi mu duka.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa, ya sauke shi lafiya a gidan da ba a kishi. Amin.