Yadda Ivan Gault Ya Koma Mai Farin Fenti

Ivan Gault mai fenti ne a Belfast, sana'ar da ya gada wurin ubansa, kuma tun da aka haife shi bai taɓa ganin bambancin ja da kore ba. Duk ɗaya suke a idonsa, wani launi kamar na shayin da ya huce. A wani garin wannan ba komai ba ne, iyakaci mutum ya sa safa wari-wari a yi dariya a wuce. Amma a Belfast ta wancan zamani, inda launin hularka ke faɗin cocin da kake zuwa da unguwar da za a yi maka duka, Ivan ya ga gara ya ja bakinsa ya yi shiru. Har ya kai shekara arba'in da bakwai bai faɗa wa kowa ba.

Matarsa Myrtle kaɗai ta sani. Ta gane tun suna neman aure, ranar da ya yaba jar rigarta alhali koriya ce shar. Ta dube shi, ta ga dai yana da sana'a kuma ba ya shan giya sai Asabar, ta aure shi a hakan. Daga nan aiki ya rabu: shi ya karanta sunan launi a jikin gwangwani, in babu suna ita ta leƙa ta faɗa masa. Da wannan dabarar ya fente gida ɗari uku da sha ɗaya, coci huɗu da shagon mahauci biyu, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Babban aikinsa kuwa duwatsun bakin Titin Ardmoy ne. Guda ɗari shida da sha biyu ne, kuma kowace shekara kafin macin da masu goyon bayan Birtaniya ke yi ran sha biyu ga Yuli sai an fente su ja, fari, shuɗi, launin tutar Birtaniya, don kada wani ɗan Katolika ya yi ɓatan kai ya zaci yana gida. Aikin durƙuso ne daga farko har ƙarshe. Ivan yakan ce hannu ke riƙe buroshi, amma gwiwa ke ciyar da shi.

A shekarar da abin ya faru, Myrtle ta haye Scotland jinyar ƙanwarta. Tana tafiya sai ga samarin ƙungiya, masu riƙe da bindigogin unguwar, sun sauke masa bokiti biyar a ƙofar gida.

"Kyauta ce daga ƙungiya, Mista Gault," in ji ɗayansu.

"Ina takardun jikinsu?"

"Sun faɗi a hanya."

"Duka biyar?"

"Ita ma motar da ta ɗauko su a hanya ta faɗi. Kai dai yi aikinka, tsoho."

Ivan ya buɗe murafe. Fari ya gane shi, shuɗi ya gane shi. Sauran ukun kuwa kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya shinshina, ya juya da sanda, ya kai su rana, ya dawo da su inuwa. Daga ƙarshe ya yi lissafi irin na mai hankali: samarin ja suka je nema, don haka bokitin da ya fi cika shi ne ja.

Ya gama fari da shuɗi a cikin mako. Ranar Asabar coci ta kwashe unguwar kaf a motoci biyar zuwa bakin teku a Portrush, titi ya zama nasa shi kaɗai. Ya durƙusa tun safe, ya bi dutse ɗari biyu da huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya ma ƙara musu shafa ta biyu don ya ga fentin na da kyau. Yana wanke buroshi motocin suka dawo, ana waƙa a ciki. Waƙar ta mutu a motar farko, sannan ta biyu, har ta biyar. Mutane suka sauko da yashi a takalma suka tsaya suna kallon Titin Ardmoy, kore, fari, shuɗi, tun daga shagon jarida har gindin katangar da ta raba su da 'yan Katolika.

Ivan ya ɗaga musu hannu. "Ya kuka gani? Bana har sheƙi yake!"

Kafin ya sha shayi saƙo ya iso: Kwamandan ƙungiya, Trevor McClurg, na son ganinsa ranar Litinin da rana a ɗakin baya na kulob ɗin unguwa. Kowa ya san abin da ake yi wa gwiwar mutum a lungun bayan kulob ɗin. Maƙwabcinsa ya leƙo ta kan shinge ya ba shi shawara tsakani da Allah: "Sa tsohon wando, Ivan. Kada su ɓata maka na zuwa coci."

Ya sa tsohon wandon ya je. McClurg na zaune a gefen teburin sunuka da mutum biyu, ga kuma tsoho Cecil mai share kulob, wanda ya yi ƙuruciyarsa a jiragen ruwa, yana jingine da tsintsiya.

"Mista Gault," in ji McClurg, "kai ka fente wa uwata ɗakin girki, don haka zan tambaye ka da ladabi. Tutar uban wa ce wannan?"

"Kore da fari na Dublin ne, launin 'yan Katolika," in ji na damansa.

"Shuɗin kuma namu ne," in ji na hagu. "Ko sulhu yake nufi?"

"Rufe mana baki! Wa ke maganar sulhu ana saura kwana kaɗan maci?"

Cecil ya yi gyaran murya. "Ni na san ta. Tutar Saliyo ce. Na ga irinta a tashar Freetown."

McClurg ya juya. "Ina ne nan kuma? Suna tare da Sarauniya?"

"Da suna tare da ita. Daga baya suka sallame ta, suka zama jamhuriya."

"Jamhuriya!" McClurg ya buga teburi har ƙwallaye suka watse. Kalmar da 'yan bindigar ƙetaren katanga ke kiran kansu da ita ke nan. "Kun ji ko? Ashe 'yan jamhuriya sun kai har Afirka! Gault, tun yaushe kake musu aiki?"

Ivan ya dubi gwiwoyinsa a cikin tsohon wando. Ya auna abin da sauri: in ya faɗi gaskiya ba mai sake ba shi gida ya fente, in ya yi shiru kuma ba zai sake durƙusawa ba.

"Trevor, ɗana, ban san kore ba ne. Ba na ganinsa. Ban taɓa ganinsa ba."

McClurg ya ɗauko ƙwallo biyu daga teburin, ja da koriya, ya miƙa masa a tafin hannu. "Wacce ce ja?"

Ivan ya duba iya dubawa. "Ai tagwaye ne."

McClurg ya zare ɗamararsa ta maci da ake ratayawa a wuya, mai ruwan lemo, wadda kakansa ya bar masa, ya shimfiɗa ta a kan koren ƙyallen teburin. "Wannan fa?"

"Na dai ga geza."

Na hagun ya dafe kai. "Shekara talatin kana maci da irinta a wuyanka!"

"Myrtle ke rataya mini."

"To mu da su," McClurg ya nuna wajen katanga, murya ƙasa-ƙasa, "yaya kake bambance mu?"

"Da sunan makarantar da mutum ya yi, kamar kowa."

Suka fitar da shi suka yi shawara. Ta jikin ƙofa yana jin na dama na cewa doka doka ce, na hagu na cewa ba a harbin gwiwa a kan laifin ido, idon kuma ba wanda ya taɓa ba da umarni a kansa. Cecil na ta ƙoƙarin ba su labarin Freetown ba mai saurare. Da suka kira shi, McClurg ya miƙe ya yanke hukunci: gwiwoyi sun tsira, amma daga yau an haramta wa Ivan Gault taɓa kowane launi a faɗin unguwar. Fari kaɗai.

Samarin suka rufe koren da ja da kansu, suka fente har da tayar motar fasto. Myrtle ta dawo ta ji labari, ta ce, "Mako biyu kacal na bar ka, Ivan, ka haɗa mu faɗa da Afirka." Aikin gidaje ya tsaya cak, sai rufin ɗaki da layin filin ƙwallo.

Ana nan sai wayar gidan ta yi ƙara. Wani Donal Quigg ne daga ƙetaren katanga. Nasu duwatsun kore ne, fari, ruwan lemo, mai yi musu fenti kuma yana kurkuku.

"Mun ji an ce ba ka ganin komai," in ji shi. "Irinka muke nema. Farin kawai za ka yi mana."

Ivan ya koma kulob neman izini. McClurg ya yi dogon tunani, ya ce fari ba shi da coci, amma da sharaɗi: buroshin da ya taɓa dutsen Katolika kada ya taɓa na Ardmoy. Quigg ma da ya ji, ya kafa irin wannan sharaɗin daga nasu ɓangaren.

Ivan ya sayi buroshi biyu, Myrtle ta ɗaura wa ɗaya zare. Shekara sha shida ya yi yana ratsa ƙofar katangar da bokitinsa, sojan da ke gadi ya leƙa ciki ya ce masa wuce. A can yana da dutse ɗari da casa'in, a gida ɗari biyu da huɗu. Yakan durƙusa ya fente ɗaya, ya tsallake biyu, ya ja gwiwa zuwa na gaba.