Malama Mai Kwando da Takalmin Maigidana

Kullum da safe, tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, za ka hango ta a ƙofar makaranta da kwandonta a ka, kai ka ce talla ta fito. Ba talla ba ce! Cokali ne a ciki, da kofi, da tsintsiya, da madubi, da kwaɗon ƙofa. Malama Mai Kwando ke nan, mai koya wa 'yan aji ɗaya Turanci, wadda za ta yi ritaya a makon nan.

Dokarta ɗaya ce: ba ta rubuta kalma a allo sai yaro ya riƙe abin a hannunsa. "Taɓa shi tukuna," in ji ta, "sannan ka kira sunansa." Kuma kowa da ranar da zai kawo wani abu daga gida.

Ni ganau ce. Autata ta taɓa kuskuren wata kalma, yara suka yi mata dariya, shi ke nan ta kulle bakinta gam. Hedimasta ya ce in ba ta yi magana ba kafin ƙarshen zango, za ta maimaita aji. Wallahi hankalina ya tashi.

Ranar da layin kawo abu daga gida ya zo kanta, maigidana ya birkita ɗaki yana neman takalminsa ƙafa ɗaya, har ya makara aiki. Ashe Auta ce ta cusa shi a jaka! Na bi ta makaranta a fusace, sai na tsaya a taga. Malama ta durƙusa gabanta, ta ce, "Na wa ne wannan ƙato, 'yata?"

"Na Baba."

"To, gaya musu sunansa, ai ke kaɗai kika kawo."

Auta ta ɗaga shi sama, ta ce, "Shoe!" Aji ya kaure da tafi. Ni kuwa guɗa na rangaɗa ta taga, na manta inda nake! Tun daga ranar bakin yarinyar nan bai sake rufuwa ba, kuma ta wuce zuwa aji biyu tare da ƙawayenta.

Malama, ke ce kika mayar wa 'yata muryarta. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki huta lafiya. Malamai masu tasowa, don Allah ku nemi naku kwandon.

Takalmin kuwa yana cikin kwandon Malama har yau. Maigidana ya ce a bar shi, ya fi amfani a can.